Tabung Haji: Tarihin Asusun da Ya Mayar da Ajiyar Talaka Jari

Gabatarwa

Malamai sun haɗu a kan cewa aikin Hajji ba ya wajaba sai ga wanda ya sami iko, kamar yadda aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta tabbatar. Littattafan fiƙihu sun yi dogon bayani a kan ma'anar wannan iko, na guzuri da abin hawa da lafiyar hanya. Abin da ya rage wa kowace al'umma shi ne ta nemo hanyar da talaka zai tara guzurin ba tare da ya faɗa haram ko ya karya gidansa ba. Wannan muƙala za ta bibiyi yadda Musulmin ƙasar Malesiya suka fuskanci wannan matsala ta hanyar asusun Tabung Haji, wato Asusun Alhazai.

Halin da Aka Fito

Kafin 1960, manomin karkara a Malaya ba ya kusantar banki, domin yana tsoron kuɗin ruwa su gurɓata masa guzurin ibada. Saboda haka sai ya ɓoye kuɗinsa a ƙarƙashin matashi ko cikin tulu, ko ya sayi shanu da fili ya ajiye. Idan lokacin tafiya ya yi, sai ya sayar da su cikin gaggawa a kan farashin da ya samu. Da yawa sukan dawo daga Makka da sunan alhaji, amma babu gona babu dabba.

Masanin tattalin arziki na Jami'ar Malaya, Ungku Abdul Aziz, shi ne ya lura cewa asarar biyu ce: kuɗin da aka binne ba sa haihuwa, kadarar da aka sayar kuma ba ta dawowa. A 1959 ya miƙa wa gwamnati shawarar kafa hukumar da za ta riƙa karɓar ajiyar maniyyata kaɗan-kaɗan, ta juya ta a kasuwancin halal. Shawarar ta sami ƙarfi bayan Shaihul Azhar na lokacin, Mahmud Shaltut, ya ziyarci ƙasar a 1962 ya kuma yaba da ita.

Kafuwa da Bunƙasa

Hukumar ta fara aiki a 1963 da masu ajiya 1,281, waɗanda suka tara ringgit 46,600. A 1969 aka haɗe ta da ofishin kula da alhazai da ke Penang, ta yadda tara kuɗi da jigilar mahajjata suka koma hannu ɗaya. Dokar 1995 ce ta ba ta sunan da aka san ta da shi a yau, kuma gwamnati ce ke lamunin ajiyar jama'a.

Tsarin aikin mai sauƙi ne. Mutum yakan buɗe asusu da abin da ya sawwaƙa, har iyaye sukan buɗe wa jarirai. Hukuma takan zuba kuɗin a gonakin kwakwar manja da gine-gine da hannayen jari na kamfanonin da harkarsu ba ta saɓa wa Shari'a ba. Daga ribar da aka samu takan fitar da zakka a madadin masu ajiya, sannan ta raba musu wani kaso a shekara, wanda a da ake kira hiba. Tana cikin waɗanda suka sa jari aka kafa Bank Islam Malaysia a 1983. Da tafiya ta yi nisa, masu ajiya suka haura miliyan 9, da yawansu suna amfani da asusun a matsayin ma'ajiyar rayuwa, ko da sun riga sun sauke farali.

Jarrabawar 2018

A ƙarshen 2018 gwamnati ta bayyana cewa a ƙarshen 2017 abin da ake bin hukumar ya zarce kadarorinta da ringgit biliyan 4.1. Doka ta hana raba hiba a irin wannan hali, amma an ci gaba da rabawa tun 2014. Masu ajiya sun saba da kaso mai tsoka, shugabanni kuma sun ji nauyin faɗa musu gaskiya, sai aka riƙa ba su abin da ba a samu ba. Gyaran ya zo da ɗaci: aka mayar da kadarorin da suka faɗi ƙarƙashin wani kamfani na Ma'aikatar Kuɗi, hibar 2018 ta sauko zuwa kashi 1.25 cikin ɗari, aka sa hukumar ƙarƙashin kulawar babban bankin ƙasar. A 2019 aka sauya ƙulla yarjejeniyar ajiya daga wadi'a zuwa wakala, domin abin da mai ajiya zai samu ya dogara ga ribar da aka ci a zahiri.

Kammalawa

Tarihin Tabung Haji ya nuna cewa talaka yana da abin ajiyewa, matuƙar ya sami wurin da zuciyarsa ta natsu da shi. Ya kuma nuna cewa tsarkake ciniki daga kuɗin ruwa rabin aiki ne, sauran rabin shi ne riƙon amana da bayyana lissafi. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin a 2020 Hukumar Alhazai ta Nijeriya ta ƙaddamar da nata shirin adashin Hajji a Kano tare da Bankin Jaiz. Haƙƙin mai ajiya ne ya tambayi irin yarjejeniyar da ya shiga, da inda ake juya kuɗinsa, da wanda ke binciken lissafin. Wajibin malamai kuma shi ne su koyar da waɗannan tambayoyi kamar yadda suke koyar da rukunan Hajji. Allah ne mafi sani.