Gardamar Iskandariya Kan Zuwan Almasihu

Wajen shekarar 318, wani limamin coci a Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ya fara koyar da cewa Almasihu halitta ne, ko da yake ya fi dukkan halittu daraja. Ƙura ta tashi har Sarkin Rum Kustantin ya tara shugabannin coci a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, a 325. Taron ya yi watsi da maganar Ariyus.

Mu malaman makaranta mukan wuce wannan babi da sauri, kamar musun kalmomi ne kawai. Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328, bai ɗauke shi haka ba. A ganinsa, in halitta ce ta zo, to Allah aike ya yi, bai zo da kansa ba. Alhali alherin da Kirista ke dogaro da shi shi ne Mahalicci, saboda ƙauna, ya ɗauki jikin ɗan Adam mai yunwa da mutuwa domin ya cece shi.

Wannan tsayuwa, haɗe da siyasar fada, ta sa aka raba shi da kujerarsa sau biyar, har ya taɓa ɓuya wurin masu zuhudu a hamada. Ya rasu a 373, shekara takwas kafin taron Kustantiniya ya sake tabbatar da matsayar Nikiya.