Wasan Ƙarshe na Gasar IPL: Yadda Masu Jifa Suka Riƙe Daren Kofi

Wasan kurket na gajeren zango, wanda ake kira T20, an fara shi a matsayin gasar ƙwararru a Ingila cikin watan Yunin 2003, a lokacin da hukumar kurket ta ƙasar ta ga 'yan kallo suna ƙaurace wa wasannin gundumomi masu cin yini huɗu, ta kuma nemi wani tsari da ma'aikaci zai iya kallo bayan ya tashi daga aiki. A wannan tsari kowace ƙungiya mai 'yan wasa 11 tana samun oba 20 ne kawai ta yi bugu, oba kuwa jifa shida ce a jere daga hannun mai jifa ɗaya, saboda haka ƙwallo 120 ne iyakar rabon kowane ɓangare, kuma wasan yakan ƙare cikin awa uku da 'yan mintuna. Mai bugu yana tara maki ta hanyar gudu tsakanin sandunan da ke iyakoki biyu na tsakiyar fili, ko ya samu huɗu idan ƙwallon ta gangara ta kai iyaka, ko shida idan ta tsallake iyakar a sama, shi kuwa mai jifa aikinsa ya fitar da mai bugu ko ya hana shi maki.

Hukumar kurket ta Indiya, BCCI, ba ta yi ɗokin wannan tsari ba da farko, amma abubuwa biyu suka sauya mata ra'ayi a 2007. Kamfanin talabijin na Zee ya kafa tasa gasar ba da izinin hukumar ba, sannan a ranar 24 ga Satumba matasan Indiya ƙarƙashin Mahendra Singh Dhoni suka doke Pakistan da maki biyar a Johannesburg, suka ɗauki kofin duniya na T20 na farko. Lalit Modi, mataimakin shugaban hukumar a lokacin, shi ya jagoranci kafa gasar IPL, inda aka sayar wa attajirai da kamfanoni da taurarin fim ƙungiyoyi takwas na birane a Janairun 2008 a kan sama da dala miliyan 720, aka kuma yi gwanjon 'yan wasa a bainar jama'a, abin da kurket bai taɓa gani ba. A daren farko, 18 ga Afrilun 2008, Brendon McCullum na Kolkata ya buga maki 158 a Bangalore, kuma tun daga wannan dare aka riƙa tallata gasar da sunan masu bugu da ƙwallayen da suke aikawa cikin 'yan kallo.

Sai dai waɗanda suka daɗe a cikin harkar, masu horarwa da masu nazarin alƙaluma da masu zaɓen 'yan wasa a teburin gwanjo, sun san cewa tarihin wasan ƙarshe ya sha bamban da tarihin tallan. Wasan ƙarshe na farko, ranar 1 ga Yunin 2008 a filin DY Patil da ke Navi Mumbai, ƙungiyar Rajasthan Royals ce ta ci shi, wadda ita ce mafi araha a cikin takwas ɗin, da dala miliyan 67, alhali an sayi ta Mumbai da kusan miliyan 112. Kyaftin ɗinta kuma mai horar da ita shi ne Shane Warne na Ostireliya, gwanin murɗa ƙwallo wanda ya riga ya yi ritaya daga wasan ƙasa da ƙasa, kuma ya gina ƙungiyar a kan matasan da ba a san su ba, yana ba kowa aiki ɗaya takamaimai. Abokiyar karawarta Chennai ta tara 163, Yusuf Pathan na Rajasthan ya fitar da mutum uku sannan ya buga 56, Sohail Tanvir na Pakistan kuma ya samo makin nasara a ƙwallon ƙarshe. Wannan ce kaɗai shekarar da 'yan wasan tawagar Pakistan suka buga gasar, domin bayan harin Mumbai na Nuwamban 2008 ƙofa ta rufe musu.

A 2009, da aka kai gasar Afirka ta Kudu saboda babban zaɓen Indiya, Deccan Chargers, wadda ta zo ta ƙarshe a shekarar da ta gabata, ta kare maki 143 kacal ta doke Bangalore da shida. A wasan ƙarshe na 2010 Dhoni, kyaftin ɗin Chennai, ya yi abin da har yau ake koyar da shi: ya ajiye Matthew Hayden a wani wuri da ba a saba tsayar da mai tsaro ba, kusan daidai bayan mai jifa, saboda ya lura cewa Kieron Pollard na Mumbai yakan miƙa bugunsa ta nan, kuma a hannun Hayden ɗin ƙwallon ta faɗa. A daren ne kuma, jim kaɗan bayan miƙa kofi, hukumar ta dakatar da Lalit Modi bisa zargin almundahana.

Daga 2011 aka sauya hanyar kaiwa ga wasan ƙarshe. Ƙungiyoyi biyu na saman tebur suna karawa, wadda ta ci ta wuce kai tsaye, wadda ta faɗi kuma tana da dama ta biyu da za ta kara da wadda ta tsira tsakanin ta uku da ta huɗu. Tsarin yana da adalci, domin yana saka wa wanda ya yi wata biyu yana ƙoƙari, kuma nauyinsa ya fito fili a 2016, lokacin da Sunrisers Hyderabad ta zama ta farko da ta taso daga matsayi na uku, ta ci wasa uku a jere ta ɗauki kofi. Wasan na 2016 ya cancanci a tsaya a kansa, saboda Bangalore tana gida, Virat Kohli ya tara maki 973 a kakar, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma shi da Chris Gayle sun kai 114 kafin a raba su a farautar 209. Duk da haka masu jifan Hyderabad, musamman Bhuvneshwar Kumar da Mustafizur Rahman, sun riƙe obobin ƙarshe har Bangalore ta tsaya a 200. Ƙungiyar da ta zuba kuɗinta a kan manyan masu bugu ta sha kaye a wasan ƙarshe karo na uku, bayan na 2009 da na 2011.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne ga mutanen cikin gida. Doka ta hana mai jifa ɗaya wuce oba huɗu, don haka kowace ƙungiya tana bukatar aƙalla mutum biyar, kuma raunin na biyar ɗin shi abokan hamayya suke farauta. Ƙari a kan haka, wasan ƙarshe yakan zo ne a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, bayan zafi da yawan wasanni sun gajiyar da doron fili, ƙwallo ta daina zuwa da sauri, ga kuma nauyin daren da yakan sa mai bugu ya yi jinkirin da ba ya yi a wasannin tebur. Obobi huɗu na ƙarshe, waɗanda 'yan wasa suke kira obobin mutuwa, suna bukatar jifa iri biyu: yoka, wato ƙwallon da ke sauka daidai kan yatsun mai bugu ta yadda ba zai iya ɗaga ta ba, da kuma jifar yaudara wadda hannu ke tafiya da sauri amma ƙwallon ta zo a hankali. Mumbai Indians ta gina daularta a kan waɗannan biyun. A 2017 ta kare maki 129 a Hyderabad ta doke Pune da maki ɗaya, a 2019 kuma, a filin nan dai, ta sake cin Chennai da maki ɗaya, lokacin da kyaftin ɗinta Rohit Sharma ya miƙa obar ƙarshe ga Lasith Malinga duk da cewa an ci shi maki 20 a obarsa ta baya. Ana neman biyu a ƙwallon ƙarshe, Malinga ya jefa yoka mai sanyi ta bugi ƙafar Shardul Thakur a gaban sanduna, alƙali ya ɗaga yatsa. Shane Watson na Chennai, wanda ya buga 80 a daren da gwiwa tana zubar da jini, ya tafi hannu rabbana.

Ba a cewa masu bugu ba su taɓa cin kofi ba. Kolkata ta kamo 191 a 2012 da 200 a 2014, Watson ya buga 117 a 2018 lokacin da Chennai ta dawo daga dakatarwa, kuma a 2023 a Ahmedabad, bayan ruwan sama ya ɗage wasan zuwa washegari ya kuma ja shi har bayan ƙarfe ɗaya na dare, Ravindra Jadeja ya buga shida da huɗu a ƙwallaye biyu na ƙarshe ya ba Chennai kofinta na biyar. Amma shekarar da ta biyo baya ta fi kowace bayyana gaskiyar lamarin, domin Hyderabad da ta tara 287 a wasa ɗaya cikin kakar 2024, bayan sabuwar dokar sauya ɗan wasa ta ƙara wa masu bugu ƙarfin gwiwa, ita ce Mitchell Starc da abokansa na Kolkata suka karkaɗe a kan 113 a wasan ƙarshe, mafi ƙarancin maki a tarihin daren.

Dakatarwar Chennai da aka ambata ta samo asali ne daga 2013, shekarar da 'yan sanda suka kama 'yan wasan Rajasthan uku bisa zargin sayar da obobi ga 'yan caca, aka kuma kama Gurunath Meiyappan, jami'in Chennai kuma surukin shugaban hukumar N. Srinivasan, kwana biyu kafin wasan ƙarshe a Kolkata. An buga wasan kamar ba abin da ya faru, sai da Kotun Ƙolin Indiya ta sa baki kafin kwamitin mai shari'a Lodha ya dakatar da ƙungiyoyin biyu na kakar 2016 da 2017. Kuɗi bai ragu ba saboda haka: haƙƙin nuna gasar daga 2023 zuwa 2027 an sayar da shi a kan sama da dala biliyan shida, kuma mutum 101,566 ne suka shiga filin Ahmedabad a wasan ƙarshe na 2022.

A ranar 3 ga Yunin 2025, a kakarta ta 18, Bangalore ta ɗauki kofinta na farko bayan ta doke Punjab Kings da maki shida, kuma wanda aka zaɓa gwarzon daren shi ne Krunal Pandya, mai murɗa ƙwallo da ya ba da maki 17 kawai a obobinsa huɗu ya fitar da mutum biyu. Kohli ya yi kuka a fili, ƙungiyar da ta shekara 17 tana sayen masu bugu ta ci nasara a shekarar da ta tara masu jifa. Washegari dubban magoya baya suka yi cincirindo a ƙofofin filin Chinnaswamy da ke Bangalore domin bikin da aka shirya cikin gaggawa, mutum 11 suka mutu a turmutsitsin. Gasar da ta iya lissafin inda kowace ƙwallo za ta sauka ba ta da uzurin kasa lissafin yawan mutanen da ƙofar fili za ta iya ɗauka.