Sababbin Rassan Karatun Injiniyancin Injuna a Jami'o'in Nijeriya

Injiniyancin injuna, wanda aka fi sani da makanikal, shi ne fannin ilimin da ya shafi zana injuna da ƙera su da kuma kula da su, tun daga injin niƙa da famfon ban-ruwa har zuwa tarakta da jirgin sama. Yana daga cikin tsofaffin fannonin da ake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a shekarar 1962. Sai dai a 'yan shekarun nan jami'o'i sun fito da waɗansu kwasa-kwasai masu sababbin sunaye waɗanda suka tsiro daga wannan fanni, kuma sau da yawa iyaye da shugabannin al'umma ba su san abin da sunayen ke nufi ba a lokacin da yaro ya zo da takardar JAMB yana neman shawara.

Abin da ya kawo sauyin

Dalili shi ne injin kansa ya canza. Motar da ake gyarawa a da, kafireta ke haɗa mata mai da iska, kuma bakanike mai kunne yakan gane ciwonta daga ƙararta. Motar yanzu kuwa wata 'yar kwamfuta ce ke auna iska da zafi da gudu, sannan ta yanke yawan man da za a fesa. Haka abin yake a injin cika buhu na masana'anta da injin gyaran shinkafa mai ware tsakuwa da baƙar ƙwaya. Wanda ya san ƙarfe kaɗai, bai san lantarki da kwamfuta ba, rabin injin ya sani.

Mekatironik

Wannan shi ne reshen da ya fi yaɗuwa. Wani injiniya na kamfanin Yaskawa a ƙasar Japan, mai suna Tetsuro Mori, shi ya ƙirƙiro sunan a shekarar 1969, ta hanyar haɗa kalmar kanikanci da ta lantarki. Ɗalibin wannan kwas yana koyon abubuwa uku a haɗe: yadda sassan inji ke motsi da ɗaukar nauyi, yadda ƙananan na'urori ke jin zafi ko nauyi ko haske su mai da shi saƙon lantarki, da yadda ake rubuta wa kwamfuta umarnin abin da za ta yi da wannan saƙo.

Misali na kusa shi ne tankin ruwan gari. A tsohon tsari sai an ajiye mutum ya kunna famfo, ya tsaya har ya ga ruwa na zuba sannan ya kashe, kuma ranar da ya makara ko ya yi tafiya, ko dai ruwa ya yi ta kwarara a banza ko kuma famfo ya yi ta juyawa a busasshiyar rijiya har ya ƙone. A sabon tsari na'ura ce ke auna inda ruwa ya kai a tanki da kuma cikin rijiya, ta kunna famfo ko ta kashe shi da kanta. Tsara irin wannan, da gyara shi idan ya lalace, aikin mai mekatironik ne. Daga nan ne kuma ake hawa zuwa mutum-mutumin masana'antu da jirage marasa matuƙa, waɗanda ake amfani da su wajen feshi da duba gonaki.

Ana karanta wannan kwas a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da kuma Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama da ke Kaduna.

Makamashi mai sabuntuwa

Wannan reshe ya fi kowanne kusanci da rayuwar karkara, domin shi ne ya shafi hasken rana da iska da kuma iskar gas da ake samu daga kashin dabbobi. A mafi yawan jami'o'i ana koyar da shi ne a matsayin darussa cikin digirin makanikal ko na lantarki, ko kuma a matakin digiri na biyu. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana aiki a kan na'urorin busar da amfanin gona da dafa abinci da ɗumama ruwa da hasken rana.

Mutane da yawa na ɗaukar cewa kafa sola a kan rijiyar burtsatse aikin ɗaura waya ne kawai. Ba haka ba ne. Wajibi ne a san zurfin ruwa, da tsawon tanki, da yawan litar da gari ke sha a yini, da ƙarfin da rijiyar ke da shi na mayar da ruwa, kafin a zaɓi famfo da yawan faranti. Haka kuma ana auna ƙarfin farantin sola ne a zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru a jikinsa yakan rage ƙarfinsa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu jikin faranti kan zarce digiri 60, ga kuma ƙurar hunturu da ke rufe shi. Idan ba a yi wannan lissafi ba, sai a ga rijiyar da aka kashe wa kuɗin jama'a ta tsaya tun kafin fentin allonta ya koɗe.

Sauran rassa

Injiniyancin motoci ya sami sabon muhimmanci tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da aka shiga mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG da kuma shigo da masu batir. Akwai injiniyancin jiragen sama a cibiyar sojin sama ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete. Akwai kuma na layin dogo a Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda aka aza harsashinta a shekarar 2019. Har ila yau ana koyar da ƙira ta hanyar jera abu shimfiɗa kan shimfiɗa bisa zanen kwamfuta, wadda ake kira 3D, kuma amfaninta a nan shi ne fitar da ƙaramin sashen inji da aka nema a kasuwa aka rasa.

Ya kamata a lura cewa duk waɗannan rassa jijiyarsu ɗaya. Shekaru biyu na farko kusan darussa iri ɗaya ne ga kowa: lissafi, fiziks, zanen injiniya, ƙarfin kayan ƙira da aikin hannu. Saboda haka wanda ya karanta makanikal zalla bai yi asara ba, yana iya ƙwarewa a ɗaya daga cikin rassan a digiri na biyu. Hasali ma, ga yaron da bai tsai da shawara ba, wannan hanya ta fi faɗi wajen neman aiki, domin guraben jiragen sama da layin dogo ba su da yawa a ƙasar nan.

Sharuɗɗan shiga da tsawon karatu

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, kuma waɗannan huɗun su ne ake rubutawa a jarrabawar JAMB. Karatun shekara biyar ne. Mai difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, ko wanda ya ci jarrabawar IJMB, yana iya neman shiga kai tsaye a aji biyu. A shekara ta huɗu ɗalibi kan yi wata shida yana koyon aiki a masana'anta ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF, a shekarar ƙarshe kuma ya ƙera wani abu na kansa ya kare shi a gaban malamai. Tun shekarar 2024 ɗaliban makarantun gwamnati na iya neman rancen karatu daga asusun NELFUND.

Abin da za a bincika kafin a biya kuɗi

Hukumomi biyu ne ke tantance kwas ɗin injiniya. Ta farko ita ce Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda ke ba da izinin buɗe kwas, sannan ta riƙa zuwa dubawa. Sakamakonta iri uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ta wucin gadi ta shekara biyu, ko kuma ƙin amincewa, wanda ke hana ɗaukar sababbin ɗalibai. A watan Disambar 2022 hukumar ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, inda ita ke tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, jami'a kuma ta tsara kashi 30 daidai da buƙatun yankinta.

Ta biyu ita ce majalisar COREN, wadda aka kafa da doka a shekarar 1970, kuma ita ke yi wa injiniyoyi rajista. Wanda ya kammala kwas ɗin da ba ta amince da shi ba zai sha wahala wajen samun rajista, kuma in babu rajista doka ba ta ba shi damar amsa sunan injiniya ko sa hannu a kan zanen aiki ba. A shekarar 2023 COREN ta zama mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe ke amincewa da digirin injiniya na juna. Amincewar jami'a daban, ta kwas daban. Jami'a na iya zama tsohuwa mai suna, amma sabon kwas ɗinta bai sami tantancewa ba tukuna.

Bayan takarda sai kayan aiki. Sabon suna a kan allo ba ya nuna cewa akwai ɗakin gwaji, ko wutar da za ta tayar da shi, ko malaman da suka ƙware. Uba ko wakilinsa na iya zuwa sashen ya nemi a nuna masa, ko ya tambayi ɗaliban aji huɗu sau nawa suka taɓa na'ura da hannunsu a zangon da ya wuce.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da daraktocin ayyuka kuwa, hanyoyi biyu a buɗe suke. Suna iya karɓar ɗaliban SIWES 'yan yankinsu a sashen ayyuka ko na ruwa, a maimakon barin su suna yawon neman gurbi a birane. Suna kuma iya rubuta wa shugaban sashe a jami'a mafi kusa jerin matsalolin da ke damun yankin, kamar famfunan da suka tsaya, ko firjin allurar rigakafi, ko busar da tumatir da albasa, domin a ba ɗaliban ajin ƙarshe su ɗauke su a matsayin aikin kammala karatu. Kafin a ba da kwangilar sola ko ta injuna kuma, ana iya neman lambar rajistar COREN ta injiniyan da zai kula da aikin, a tabbatar da ita a wurin majalisar.