Mai Kiɗa da Mai Murya: Matsayin Mai Haɗa Sauti a Fayafayen Zamani na Nijar

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci matsayin mai haɗa kiɗa da na'ura a waƙoƙin zamani da ake saurare a Nijar, tun daga Yamai har ƙauyuka irin su Gamu da ke yankin Gure a jihar Damagaram. An saurari fayafaye uku, aka kwatanta su da tsarin da mai kiɗa ke gayyato mawaƙa cikin kundinsa. Sakamakon ya nuna cewa sunan mai kiɗa yakan ɓace da zarar murya ta hau kan kiɗan.

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai an saba ganin mai haɗa kiɗa ya fitar da kundi da sunansa, mawaƙa su zo a matsayin baƙi. Haka Daft Punk na Faransa suka yi a kundin Random Access Memories na 2013, inda suka gayyato Pharrell Williams. A ƙasar Hausa kuwa, al'adar ta sha bamban. Tun zamanin Mamman Shata jagoran waƙa ake ambata, makaɗa da 'yan amshi suna bayansa, kuma sutudiyo ta gaji wannan tsari.

2.0 Fayafayen da Aka Nazarta

Na farko shi ne kasat ɗin Mamman Sani na 1978, wanda ya kaɗa da ogan ƙirar Italiya. Rediyo da talbijin na Nijar sun daɗe suna sanya kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kamfanin Sahel Sounds kuma ya sake fitar da shi a 2013. Na biyu shi ne Houmeissa na Hama, mazaunin Yamai, wanda ya fito a 2019, inda ya juya karin waƙoƙin Abzinawa zuwa kiɗan kwamfuta. Na uku shi ne Anar, wanda Mdou Moctar ya ɗauka a Sakkwato a 2008.

3.0 Tattaunawa

A fayafaye biyu na farko kiɗa ne ya mamaye, shi ya sa sunan mai kiɗa ya tsaya a kansu. Anar ya bi wata hanya daban. Mawaƙin Ba'abzine ne daga jihar Tawa, yana waƙa da Tamashek, amma gangar na'ura da tace murya da kwamfuta duk salon waƙoƙin finafinan Hausa ne, wato nanaye. Wannan salo aikin ma'aikatan sutudiyo ne. Waƙoƙin sun bazu daga salula zuwa salula a faɗin Sahel, sunan mawaƙin ya kai Amurka, na waɗanda suka haɗa sautin kuwa bai bi shi ba.

Hanyar yaɗuwar waƙa ta ƙara tsananta lamarin. Waƙar da ta iso Gamu cikin memori ba ta da bango balle jerin sunaye. Sau da yawa mai kiɗa ba ya tsira da komai sai ambaton da mawaƙi ya yi masa cikin baiti, bayan an biya shi kuɗin aiki sau ɗaya. Wannan tauye haƙƙi ne, kuma asara ce ga tarihin adabi.

4.0 Kammalawa

Mai haɗa kiɗa fasihi ne, abokin tarayya a mallakar waƙa. Ya kamata manazarta a jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Kano su tattara sunayen masu kiɗan sutudiyo da ayyukansu, gidajen rediyo kuma su riƙa ambatonsu tare da mawaƙa duk lokacin da suka sanya waƙa.