Jan Ƙarfen da Teku ke Haifa, da Tsohon Dutsen Kaduna

Duk mai haƙa rijiyar burtsatse a Kawo ko Malali ya san cewa da an wuce jar ƙasa da marmara, sai a ci karo da dutse mai tauri. A 2001 masana suka bayyana cewa wani dutse na yankin Kabala a Kaduna ya kai shekara miliyan 3,570, abin da ya sa shi cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma. Amma tsufa ba ya haifar da jan ƙarfe. Wani muhimmin nau'in ma'adininsa, wanda ke dunƙule da kibiritu cikin duwatsun aman wuta, a ƙasan teku ake haifarsa.

Ruwan teku yakan tsiyaya ta tsagogin dutse har ya kusanci narkakken dutsen da ke ƙasa. Nan zai ɗau zafi kamar tukunya a kan murhu, ya yi tsami, ya narko jan ƙarfe da tutiya da dalma daga jikin dutsen, sannan ya taso. Da ya haɗu da ruwan sanyi sai ƙarafan su daskare, su taru su zama tuli. A 1979 masu bincike cikin ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin suka ga abin da idonsu a gabashin Tekun Fasifik: bututaye na feso baƙin ruwa mai zafin digiri 350 ko fiye.

Zafin nan shi ne mabuɗin batun. Ruwa ba ya ɗaukar jan ƙarfe sosai sai zafinsa ya haura digiri 300, kuma da ya fara hucewa shi yake fara saki. Shi ya sa ake samun kalkofirit, uwar jan ƙarfe, a gindin tulin da cikin jijiyoyin da ruwan ya biyo, tutiya da dalma kuwa su koma sama da gefe. In tafasar ta daɗe, sabon ruwa yakan sake narka tutiyar ya tura ta waje, tsakiya ta ƙara cika da jan ƙarfe.

Mahajjata kaɗan ne suka san cewa arewa maso gabas da Jidda akwai Jabal Sayid, inda Ma'aden da Barrick ke haƙar irin wannan jan ƙarfe. A Bisha ta Eritiriya kuma, ruwan sama da iska sun sake tsara tulin: zinariya a cikin tsatsar sama, wadda aka fara haƙa a 2011, jan ƙarfe a ƙarƙashinta, tutiya can ƙasa. Dukansu ragowar tsibiran aman wuta ne da suka taso cikin teku.

Ƙasarmu ba haka tarihinta yake ba. Ɓawon tsohuwar nahiya ce, wanda zafi da matsi suka sake murɗawa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Zinariyar Birnin Gwari da ta Anka cikin jijiyoyin farin dutse take, hanyar samuwarta daban. Jan ƙarfen Takedda da Ibn Battuta ya gani a 1353 ma cikin duwatsun laka da yashi ya samu, ba na aman wuta ba.

A ganina, wanda ya tsinci koren dutse a Zamfara ya ce ya gano wata Bisha ya yi gaggawa. Wurin da ya cancanci dubawa shi ne shimfiɗun dutsen shist na Birnin Gwari da Kushaka da Maru, inda ake samun amfibolait, wanda masana da dama ke ɗauka tsohon aman wuta ne da ya rikiɗe. Sai dai laka da yashi ne suka fi yawa a asalin shimfiɗun. In akwai dunƙulen ma'adinin a wurin, yana wuce da lantarki, kuma ya fi dutsen kewayensa nauyi, don haka awon lantarki da na nauyi za su nuna inda za a kafa injin huda.