Halin mutane a aikin ƙungiya: daga gayya zuwa asusun Mata Masu Dubara

Hali shi ne yadda mutum ya saba yi idan ya shiga cikin jama'a: saurin magana ko jinkiri, son shiga gaba ko tsayawa baya, zafin rai ko sanyinsa. Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Saboda haka ƙungiyoyin ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri cikin jahar Doso, ba su cika neman canza mutum ba. Wurin da ya dace da shi suke nema masa.

Gayya ce misali mafi daɗewa. Idan mai gona ya kira ta, akwai gwanin noma da ke tsere da hauya, makaɗi na zuga shi, akwai mai bin baya yana gyara kunyar da aka tsallake, akwai dattijon da ke raba gardama. Gwani ake yi wa kirari, amma gonar da aka nome da gwanaye zalla ba ta rasa ciyawa a gindin hatsi. Ƙungiyoyin samariya, waɗanda gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da su bayan 1974, a kan irin wannan rabon aiki suka ginu, ƙarƙashin sarkin samari.

Inda aka fi tsara lamarin shi ne asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu cikin Nijar da ƙasashe da dama. Mata na zubi kowane mako, suna ba juna bashi daga akwati. A tsarin da aka fi bi, kwamiti na da shugaba, magatakarda, mai ajiyar akwati da masu ƙidayar kuɗi 2. Akwatin na da kwaɗo 3, makullansu a hannun wasu mata 3 daban, don kada a buɗe shi sai gaban kowa. Kowane muƙami da halin da yake nema. Shugaba na bukatar haƙuri da iya tsai da surutu. Mai ajiya kuwa amana ake dubawa, da gidan da ba a yawan shige da fice, ba iya magana ba. A farkon tsarin ma, da yake yawancin matan ba su yi lakwal ba, da ka ake riƙe lissafi, sai mai kaifin tunawa ta zama ginshiƙi ko da ba ta buɗe baki sau biyu a taro.

Matsalar da ta fi wuya ita ce kunya. A littafinsa Mutumin Kirki (1974), Anthony Kirk-Greene ya sa ta cikin halayen da Bahaushe ke yabo, tare da gaskiya, amana, haƙuri da ladabi. Amma yarinyar da ta ga kuskure a lissafi ba za ta ƙaryata surukarta a bainar jama'a ba. Shirunta ba yarda ba ce, kuma ba lallai halinta ba ne: matsayinta ne ya rufe mata baki. Shi ya sa ƙidaya da babbar murya, a gaban kowa, ta fi dogaro da ƙarfin halin mutum ɗaya.

Masana na Turai sun isa kusa da nan ta wata hanya. Meredith Belbin, wanda ya yi gwaje-gwaje a kwalejin Henley ta Ingila, ya wallafa a 1981 cewa tawagar da aka cika da masu kaifin basira kaɗai kan ƙare da gardama, aiki ya tsaya. Ya lissafa rawa 8 da tawaga ke bukata, daga baya ya ƙara ta 9: akwai mai kawo dabara, mai haɗa kai, mai tura aiki, mai bin diddigi har ƙarshe. Gwajin Myers-Briggs, mai raba mutane gida 16, ya fi shahara a tarurrukan horo, sai dai masana halayyar ɗan Adam da yawa na sukar sa, domin mutum guda kan faɗa wani gida daban idan ya sake gwajin bayan ƴan makonni.