Niƙaƙƙen Nama da Yara Huɗu na 1993

A shekarar 1906 marubuci Upton Sinclair ya fitar da littafinsa The Jungle, inda ya tona asirin ƙazantar da ake tafkawa a mayankan birnin Shikago. Hankalin Amurkawa ya tashi, har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar duba nama a wannan shekarar. Duk da haka mutane suka ci gaba da ƙyamar niƙaƙƙen nama, domin ba wanda ya san abin da aka zuba a injin niƙa.

Kamfanin White Castle, da aka kafa a garin Wichita a 1921, shi ya fara kore wannan ƙyama. Ya gina fararen shaguna, ya sa wa ma'aikata tufafi fes, ana soya hamboga, wato niƙaƙƙen nama a tsakiyar biredi, a gaban mai saye. Dabarar ta ci, manyan kamfanoni irin su McDonald's suka biyo baya.

Sai dai tsaftar shago ba ta kai cikin naman. Akwai ƙwayar cuta mai suna E. coli O157:H7 da ke zaune a hanjin shanu, tana taɓa nama a wajen fiɗa. A kan tsoka, wuta na kashe ta, tunda a bayan naman take. Amma idan aka niƙa, sai ta shige ciki. Ga shi masana'antu na haɗa naman shanu da yawa a niƙa ɗaya, don haka saniya guda ta isa ta gurɓata abincin dubbai.

Abin da ya faru ke nan a farkon 1993 a shagunan Jack in the Box da ke jihohi huɗu na yammacin Amurka. Fiye da mutum 700 suka kamu, yara huɗu suka mutu, wasu kuma ƙodarsu ta lalace. Jihar Washinton ta riga ta wajabta gasa naman ya kai zafin digiri 68, amma shagunan ba su bi ba.

Sai a 1994 ma'aikatar noma ta Amurka ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman da ke ɗauke da ƙwayar. A duka lokutan biyu doka ta zo ne bayan ɓarna. Mai sayen hamboga har yau bai san shanu nawa ke cikin lomarsa ba, kuma jan da ya rage a tsakiyar naman alama ce ya ajiye.